Kyanwar da Ta Sauko a Kan Haske: Nazarin Gwajin Aiko Saƙo da Leza Daga Kumbon Psyche

A ranar 11 ga Disamba, 2023, wani ɗan bidiyo mai tsawon daƙiƙa 15 ya sauka a kan dutsen Palomar da ke kudancin jihar Kalifoniya a Amurka. Wata jar kyanwa ce a ciki, mai suna Taters, tana bin ɗigon jan haske a kan kujera, tana kai masa cafka tana kuskurewa. Irin bidiyon nan ne da ake turawa a WhatsApp a yi dariya a wuce. Sai dai shi wannan daga wani kumbo ya taso, mai suna Psyche, wanda a ranar yake nisan kilomita miliyan 31 daga Duniya, kusan ninki 80 na tazarar da ke tsakaninmu da wata. Hasken leza ne, wato haske mai tafiya a tsuke ba ya bazuwa sosai, ya ɗauko shi. Daƙiƙa 101 hasken ya yi a hanya, yana sauke megabit 267 a kowace daƙiƙa (megabit ɗaya bit miliyan ne, bit kuwa shi ne mafi ƙanƙantar ma'aunin bayanan kwamfuta).

Da bidiyon ya iso Palomar, sai aka tura shi ta intanet zuwa JPL, cibiyar bincike ta hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, da ke kusa da Pasadena, inda injiniyoyin suke zaune suna jira. Ryan Rogalin, wanda ke kula da na'urorin karɓar saƙon, ya shaida wa manema labarai cewa layin intanet da ke tsakanin wuraren biyu bai kai saurin saƙon da ya fito daga can sararin samaniya ba. An ɗauki maganar a matsayin raha. Ni kuwa ina ganin duk labarin gwajin yana cikinta, domin bayan shekara biyu ana aiki, a nan ƙasa aka tarar da cikas mafi girma.

Cunkoson da ya haifi gwajin

Tun da aka fara tura kumbo nesa da Duniya, da rediyo ake magana da shi. Hukumar NASA tana da manyan tasoshi uku na wannan aiki: ɗaya a Goldstone cikin hamadar Kalifoniya, ɗaya kusa da Madrid a Sifaniya, ɗaya kusa da Kanbera a Ostireliya. An raba su haka ne don duk yadda Duniya ta juya a sami tashar da ke fuskantar kumbon. Mafi girman faifan eriyarsu faɗinsa mita 70 ne. Waɗannan tasoshi su ne kunnen kumbuna da dama a lokaci guda, daga Voyager 1 da ya tashi a 1977, wanda yake aiko bit 160 kacal a daƙiƙa, har zuwa madubin hangen nesa na James Webb. Rijiya ɗaya ce, masu guga sun yi yawa. Lokacin da aka harba kumbon Artemis I zuwa wata a ƙarshen 2022, dole aka rage wa wasu ayyukan bincike lokacinsu don a saurare shi.

Misalin da ya fi nuna ƙuncin hanyar shi ne na kumbon New Horizons. Ya gifta ta gaban Pluto a ranar 14 ga Yuli, 2015, ya ɗauki hotuna da awo cikin 'yan sa'o'i. Abin da ya tara bai wuce gigabit 50 da ɗoriya ba, wanda ƙaramin katin memori na waya zai haɗiye ba tare da ya cika ba. Amma sai a ƙarshen Oktoban 2016 ragowar bayanan suka gama isowa, bayan fiye da wata 15 ana ɗiban su kaɗan-kaɗan. Kyamarori suna ta ƙara kyau, na'urorin awo suna ta ƙara yawan abin da suke tarawa, bututun da za a zuƙo su kuwa yana nan yadda yake. Idan har da gaske ake yi za a kai mutane duniyar Mars, su da ke buƙatar bidiyo da bayanan lafiyarsu da sabunta manhajoji, rediyo shi kaɗai ba zai ɗauki kayan ba.

Abin da haske ya fi rediyo da shi

Duk wanda ya taɓa murɗa akwatin rediyo yana neman tasha a gajeren zango, a kan mita 16 ko mita 19, ya riga ya san abin da ake kira tsawon zango. Igiyar rediyo da haske dangi ɗaya ne, gudunsu ma ɗaya, kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa. Saboda haka leza ba ta rage jiran da ake yi kafin saƙo ya iso, kuma a nan mutane da yawa suke ruɗewa. Bambancin yana wajen tsawon zangon. Rediyon da Psyche ke amfani da shi zangonsa kusan santimita 3.6 ne. Lezar da ya ɗauka kuwa zangonta nanomita 1,550 ne (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), wato ya fi na rediyon gajarta fiye da sau 20,000. Ido ba ya ganin wannan haske, yana can gaba da launin ja.

Ƙa'idar kimiyyar haske ta ce gwargwadon gajartar zango, gwargwadon yadda za a iya matse shi ya tafi a tsuke. Na yi ɗan lissafi na sama-sama don a ga girman abin. Eriyar rediyon Psyche faɗinta mita 2 ne. Daga nisan kilomita miliyan 31, saƙonta kan bazu ya kai faɗin sama da kilomita 500,000 kafin ya iso, ninkin faɗin Duniya sau arba'in da wani abu. Kusan duk ƙarfin da aka kashe wajen aiko shi ya tafi a banza. Madubin lezar kuwa faɗinsa santimita 22 ne kawai, bai kai farantin cin abinci girma ba, amma da irin wannan lissafi haskensa yana sauka ne a fili mai faɗin kilomita 200 da 'yan kai, kamar daga Kano zuwa Kaduna. Ƙarfin lezar wat 4 ne. Ko cajar waya tana bayar da abin da ya fi haka.

Zaɓen nanomita 1,550 ba a banza aka yi shi ba. Shi ne zangon da ke gudana a cikin wayoyin gilashi na intanet, har da waɗanda suka biyo ƙarƙashin teku suka fito a Legas, irin su MainOne da Equiano. Tun ƙarshen shekarun 1980, lokacin da masu bincike a Jami'ar Southampton ta Ingila da kuma Bell Labs ta Amurka suka samar da na'urar ƙara wa haske ƙarfi a cikin zaren gilashi mai sinadarin erbium, kamfanonin sadarwa suke zuba kuɗi a kan wannan zango. Masu kumbo sun tarar da tukunya ta riga ta nuna, suka ɗiba.

An taɓa gwada abin a kusa. A Oktoban 2013 wani kumbo mai suna LADEE ya aiko megabit 622 a daƙiƙa daga wata. To amma wata maƙwabci ne, nisansa kusan kilomita 384,000. Ƙarfin haske yana raguwa ne da ninkin nisa sau kansa: idan nisa ya ninka sau goma, abin da zai iso ya ragu sau ɗari. Nisan Mars kan kai ninki dubu na nisan wata, ka ga wahalar ta ninka sau miliyan ke nan. Wannan tazara ce gwajin da aka sa wa suna DSOC, wato sadarwa da haske daga can nesa a sararin samaniya, ya fito ya cike.

An ɗora na'urar gwajin ne a jikin Psyche a matsayin ɗan rakiya. Shi kumbon aikinsa daban: zai je ya binciki wani ƙaton dutse mai yawan ƙarfe da ke yawo tsakanin Mars da Jupita, wanda faɗinsa ya kai kusan kilomita 280, kuma Lindy Elkins-Tanton ce ke jagorantar binciken. An so a harba shi a 2022, jinkirin gwajin manhajarsa ya sa aka ɗaga. Ya tashi ranar 13 ga Oktoba, 2023, a kan rokar Falcon Heavy daga Fulorida.

Saiti

Tsukewar da ta ba leza fifiko ita ce kuma ta zame mata larura. Mai eriyar rediyo yana iya ɗan kaucewa saƙo ya isa. Mai leza idan ya kauce kaɗan, haskensa ya wuce Duniya baki ɗaya, babu wanda zai san ma ya yi magana. Saitin da ake buƙata bai kai kaucewar milimita ɗaya a tafiyar kilomita ɗaya ba. Ka ɗauka an ajiye ƙwayar gero a nisan kilomita biyu aka ce ka haska ta, kai kana tafiya, ita ma tana tafiya.

Abu na farko da ke ɓata saiti shi ne jikin kumbon kansa. Akwai na'urori a cikinsa masu motsi, kuma ɗan karkarwar da hannun mutum ba zai ji ba ta isa ta watsar da hasken. Don haka ba a ɗaure madubin lezar tamau a jikin kumbon ba. An ɗora shi a kan wasu ƙafafu masu auna girgiza suna kashe ta, ta yadda idan aka sake shi a sararin samaniya kusan yana shawagi ne shi kaɗai, kumbon yana rawarsa a gefe.

Na biyu, yaya zai san inda Palomar take? A nan aka yi dabarar fitilar jagora. A dutsen Table Mountain kusa da garin Wrightwood, JPL tana da madubi mai faɗin mita ɗaya. Daga nan ake harba leza mai ƙarfin dubban wat, a zangon nanomita 1,064, zuwa inda aka lissafa kumbon yake. Wata kyamara mai ƙirga ƙwayoyin haske a jikin na'urar ita ke lalubo wannan fitila, ta kama ta, ta riƙe. Da ita ake gane inda Duniya take, ta cikinta kuma ake iya aika wa kumbon saƙo.

Na uku shi ne wanda ya fi burge ni. Fitilar da kumbon yake gani tsohon labari ce, ta nuna inda Duniya take a lokacin da hasken ya baro ta. Amsar da zai mayar ita ma za ta ɗau lokaci a hanya. Duniya kuwa ba ta tsaya jiran kowa ba, tana zagaya rana da gudun kusan kilomita 30 a daƙiƙa. A nisa mafi tsawo da gwajin ya kai, haske yana yin kusan minti 27 kafin ya iso, kuma a cikin wannan lokaci Duniya ta matsa kusan kilomita 49,000, wajen ninki huɗu na faɗinta. Maharbin da ke son tsuntsu a sama gabansa yake harbi, tsuntsun ya zo ya tarar da kibiya. Haka na'urar take yi, da wani ɗan ƙaramin madubi mai karkata hasken zuwa wurin da babu kowa tukuna, inda Palomar za ta iso daidai lokacin da hasken zai iso.

Ƙirga haske ƙwaya-ƙwaya

Idan an dace da saiti, saura kamawa. Haske yana zuwa ne a ƙwayoyi, waɗanda masana ke kira foton. A nisan kilomita miliyan 390, bisa irin lissafin da na yi a baya, hasken ya bazu ya kai faɗin kusan kilomita 2,700. Madubin da ke tarbarsa kuwa mita 5.1 ne. Ke nan cikin kowace ƙwaya tiriliyan ɗaya da kumbon ya saki, uku ko huɗu ne suke faɗawa a madubin, tun kafin iska da gilasai su ci nasu rabon.

Madubin da kansa abin a tsaya a kalla ne. Sunansa Hale, mallakar jami'ar Caltech, an ƙaddamar da shi a 1948, kuma ya yi kusan shekara talatin babu kamarsa a duniya. Tsoho ne mai shekara 75 aka ɗauko aka ba shi aikin zamani, don babu wani madubi mai wannan girma da aka gina musamman saboda karɓar saƙo.

A bayan tsohon madubin aka sa sabon ido. Wasu siraran wayoyi ne guda 64, waɗanda kaurin kowace bai kai kashi ɗaya cikin ɗaruruwa na silin gashi ba, an yi su da haɗin tungsten da silikon. Ana sanyaya su har zuwa kusan digiri 272 ƙasa da sifili. A wannan sanyi wayar takan daina yi wa lantarki turjiya kwata-kwata, wuta ta riƙa wucewa salin alin. Ana barin ta a gab da iyakar abin da za ta iya ɗauka. Da ƙwayar haske ɗaya ta faɗo mata, ɗan ɗumin da ta kawo sai ya karya wannan yanayi a wurin, turjiya ta dawo na ɗan ƙiftawa, na'ura ta ji tsalle a layin ta rubuta lokacin. Nan da nan wayar ta huce ta koma jiran ta gaba. Asalin wannan fasaha daga aikin Gregory Gol'tsman na Mosko da abokan aikinsa na Jami'ar Rochester ne, a 2001. Yanzu masu binciken kwamfutar kwantum ma da irinta suke aiki.

Rubuta lokaci shi ne gishirin abin, domin saƙon a cikin lokaci yake ɓoye. Ka ɗauki makaɗi da ya yi alkawari da kai cewa a cikin kowane bugu 16 na kiɗa, sau ɗaya tak zai taɓa ganga. Idan ya buga a na uku, ma'ana daban; idan a na goma sha ɗaya, ma'ana daban. Bugu ɗaya ya zaɓi ɗaya cikin 16, wanda a lissafin kwamfuta bit huɗu ke nan. Haka lezar take yi: tana tara ƙarfinta ta saki walƙiya ɗaya mai kaifi a gurbin da ta zaɓa, sauran guraben ta yi shiru. Guraben nan kuwa ana auna su ne da kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa, shi ya sa ake buƙatar idon da ba ya kuskuren lokaci. An kuma saƙa wa saƙon lissafin gyaran kuskure, yadda ko wasu walƙiyoyin sun ɓace a hanya, ko hasken wani tauraro ya yi kutse, za a iya maido da abin da aka aiko.

Yadda aikin ya gudana

Daren 14 ga Nuwamba, 2023, aka fara haɗuwa. Kumbon yana nisan kusan kilomita miliyan 16, ya kama fitilar Table Mountain, ya mayar da amsa Palomar. A daren 4 ga Disamba aka sauke terabit 1.3 (terabit ɗaya megabit miliyan ne). Don a kwatanta, kumbon Magellan da ya zana taswirar Venus, tauraruwar da muke kira Zara matar wata, terabit 1.2 ya aiko a duk aikinsa daga 1990 zuwa 1994. Mako guda bayan haka kyanwa ta iso. Tun kafin a harba kumbon aka loda bidiyon a cikinsa, kyanwar kuma ta wani ma'aikacin JPL ce. Sun zaɓe ta ne don tunawa da 1928, lokacin da masu gwajin talabijin na farko a Amurka suka riƙa ɗora ɗan mutum-mutumin wata kyanwar zane a gaban kyamara.

Megabit 267 shi ne iyakar abin da na'urar za ta iya, kuma ta riƙe shi har nisan kilomita miliyan 53, kwatankwacin kusantar da Mars ke yi mana idan ta matso sosai. Daga nan nisa ya fara karɓar harajinsa. Ranar 8 ga Afrilu, 2024, a nisan kilomita miliyan 226, an sami megabit 25. Abin da aka sa wa gaba a wannan nisa megabit 1 ne kawai. A ranar ce kuma aka fara haɗa lezar da na'urar sadarwar kumbon, ta aiko kwafin bayanan lafiyar injinansa na gaske, maimakon abin da aka loda mata tun daga gida. Ranar 24 ga Yuni, a nisan kilomita miliyan 390, an riƙe megabit 6.25, an taɓa 8.3.

A duba waɗannan alƙaluma biyu na ƙarshe. Daga miliyan 226 zuwa miliyan 390 nisa ya ninka sau 1.7, wanda idan aka ninka shi sau kansa ya ba da kusan 3. Raba 25 gida uku, ka sami 8.3. Ga injiniya wannan ya fi bidiyon kyanwa daɗi, domin yana nufin babu wata ɓoyayyar matsala da ke cin saƙon a hanya in ban da nisan da aka riga aka sani. Abin da ya bi lissafi ana iya gina wani a kansa. NASA ta ce ko a wannan nisa saurin ya fi na rediyo mai irin wannan ƙarfin wuta nesa ba kusa ba.

An ci gaba. A ƙarshen Yulin 2024 fitilar ƙasa ta sami kumbon a nisan kilomita miliyan 460. Ranar 3 ga Disamba, 2024, saƙo ya sauko daga kilomita miliyan 494, wanda ya zarce iyakar nisan da Mars ke yi da Duniya. An rufe gwajin a Satumbar 2025 bayan zama na 65, jimillar abin da aka sauke terabit 13.6.

Gajimare

Zama 65 cikin kusan shekara biyu. Wannan adadi shi ya kamata mai nazari ya tsaya a kai. Wani ɓangare na dalilin tsari ne, tun da gwaji ne aka shirya shi kusan sau ɗaya a mako, kuma madubin Hale na masu nazarin taurari ne, aro ake yi. Amma akwai ranakun da aka shirya komai, kumbon ya juyo, sai hadari ya rufe dutsen. Igiyar rediyo tana ratsa gajimare ta wuce abinta. Hasken leza kuwa gajimare bango ne a gare shi. Guguwar hunturu ta katse aiki a tasoshin biyu a lokuta daban-daban, sannan gobarar daji ta Janairun 2025 ta ci unguwannin da ke maƙwabtaka da JPL, har ma'aikata da dama suka rasa gidajensu.

Ko sama ta yi garau, iska ba ta barin haske ya wuce lafiya. Ƙyaftawar da muke gani taurari suna yi da dare, motsin iska mai zafi da mai sanyi ne ke karkata haskensu, kuma haka yake yi wa leza. Ga kuma rana. Idan kumbo ya kasance a ɓangaren sama da rana take, neman 'yan ƙwayoyin haskensa ya zama neman allura a cikin ruwa.

Maganin da aka sani shi ne yawan tasoshi a wurare masu nisa da juna, a kan duwatsu masu busasshiyar iska, don idan hadari ya rufe ɗaya a koma wata. Wannan ya tuna mini da wani abu da ba kowa ya sani ba: a farkon shekarun 1960 NASA tana da tasha a Kano, ɗaya daga cikin jerin tasoshin da ta kafa kewaye da duniya don bin kumbunan shirin Mercury, har da wanda ya ɗauki John Glenn a Fabrairun 1962. A wancan lokaci kumbo yana gifta sama cikin 'yan mintuna, dole a sami wanda zai karɓe shi a gaba. Yanzu gajimare ne zai tilasta irin wannan jeri. Sai dai a wannan karon ba na jin za a waiwayo Kano. Duk wanda ya ga yadda hazo ke mayar da rana kamar farin faranti a watan Janairu, har jirage su kasa sauka, ya san abin da zai yi wa wat 4 da ya taso daga bayan Mars.

Masu gwajin ba su jira an gina sababbin tasoshi ba, sun gwada hanyoyi biyu na rage tsada. Ta farko a Goldstone: sun ɗauki wani faifan eriya na rediyo mai faɗin mita 34, suka jera ƙananan madubai bakwai masu kusurwa shida a tsakiyarsa, waɗanda a haɗe suka yi daidai da madubi mai mita ɗaya. Faifan ya riƙa jin rediyon Psyche yana kuma ganin lezarsa a lokaci guda. A ƙarshen 2023 ya sauke megabit 15.63 a daƙiƙa daga nisan kilomita miliyan 32. Hikimar a fili take: faifan yana nan, injin juya shi yana nan, idan gajimare ya zo a koma rediyo ba tare da an tashi daga wurin ba. Sun kuma gwada haɗa abin da Palomar da Table Mountain da Goldstone suka kama a dare ɗaya, don ƙananan idanu da yawa su yi aikin babba guda.

Hanya ta biyu ita ce haɗin gwiwa. A Yulin 2025 hukumar sararin samaniya ta Turai, ESA, ta yi magana da na'urar daga ƙasar Girka. Ta harba fitilar jagora daga tashar Kryoneri, ta karɓi amsa da madubin Aristarchos mai faɗin mita 2.3 a kan dutsen Helmos, kumbon yana nisan kusan kilomita miliyan 265. A ganina wannan ya fi tarihin nisa da aka kafa muhimmanci. Ya nuna cewa wata hukuma, da nata kayan, a wata nahiya, tana iya kama saƙon idan an bi ƙa'ida ɗaya wajen tsara shi. Jerin tasoshin da ake buƙata ya fi ƙarfin aljihun ƙasa ɗaya, ko da kuwa Amurka ce, musamman a lokacin da ita kanta JPL ta sallami ɗaruruwan ma'aikata a 2024 saboda ƙarancin kuɗi.

Akwai kuma abin da gwajin bai taɓa ba. Bai nuna yadda na'urar za ta jure shekara goma tana aiki kullum ba. Saukowa aka fi gwadawa, abin da ake iya aikawa sama ta cikin fitilar jagora kaɗan ne ƙwarai idan aka kwatanta. Kuma kumbon da ya rikice ya rasa inda yake fuskanta ba zai iya saita leza ba. A irin wannan rana ƙaramar eriyar rediyo mai watsa murya ko'ina ita ce ke ceton sa. Shi ya sa babu wani daga cikin masu aikin da ke maganar a jefar da rediyo.

Psyche yana can yana tafiya, ana sa ran ya isa dutsensa a 2029. Tun farko ba a tsara lezar don ta ɗauko sakamakon binciken ba, saboda ba a jingina aikin da aka kashe wa makudan kuɗi a kan abin da ba a taɓa gwadawa ba. Hotunan farko na wannan dutse mai ƙarfe za su sauko ne ta eriyar nan mai mita 2, su bi layi a Goldstone ko Madrid ko Kanbera tare da na sauran kumbuna, na'urar da ta aiko kyanwa kuma tana manne a gefen kumbon.